Giranda ko Guduma: Wanne Ke Hana Walda Tsagewa?

Tambayi mai walda a Abidjan, a Adjamé ko a Treichville daga unguwar Arras zuwa bakin tashar jiragen ruwa, inda shasin tirela ya fi tsagewa. Zai ɗora yatsa a gefen walda, daidai inda narkakken ƙarfe ya haɗu da jikin shasin. Nan ƙananan lahani ke ɓuya, kowane rami a hanyar Wagadugu ko Yamai kuma yana ƙara buɗe su. Tsadar ƙarfe ba ta hana wannan. In aka bar walda yadda ta fito, ƙarfe mai ƙwari da na gama-gari kusan tare suke gajiya.

Magani na farko shi ne gogewa. A bi gefen waldar da ƙaramin kan giranda, a ci aƙalla rabin milimita ƙasa da lahanin, a bar kwari mai santsi. Cibiyar Walda ta Duniya ta amince cewa hakan na ƙara juriya da kusan kashi 30 cikin 100, ko wane irin ƙarfe ne. Amma giranda sai hannun gwani. Zane guda da ya bi tsawon waldar ya isa ya zama mafarin sabuwar tsaga. Wurin da aka goge kuma, in ba a yi masa fenti ba, iskar gishirin Abidjan za ta mayar da aikin baya.

Na biyu duka ne. Wata ƙaramar gudumar inji, wadda aka ƙirƙiro a Tarayyar Sobiyat a shekarun 1970, tana bugun gefen waldar fiye da sau 90 a daƙiƙa, ta danne ƙarfen ya matse, tsaga ta rasa hanyar buɗewa. A ƙa'idojin da cibiyar ta fitar a 2016, ribar tana ƙaruwa da ƙwarin ƙarfen. A nan ne mai sayen ƙarfe mai tsada ke cin moriyar kuɗinsa.

Sai dai lodin da ya wuce kima na iya sassauta matsewar nan, wa kuma bai san lodin hanyoyinmu ba? Santsin giranda kuwa yana nan ko an yi lodi. Don haka a kan sabon injin ɗaga kaya na tashar ruwa, wanda aka san nauyin da zai ɗaga, guduma na zaɓa. Tsohuwar tirelar da ke dakon siminti, a ba ta giranda da fenti, a kuma riƙa leƙa gefen waldar duk dawowa.