Ganyen da ke jikin gwangwanin fenti ba shaida ba ne

Tun bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a Satumbar 2024, lokacin da kogin Ngadda ya malale unguwar Gwange, magidanta ke ta faman gyara: wannan na tada katanga, wancan na shafe tabon ruwa da sabon fenti. A irin wannan hali ne mai shago zai miƙo maka gwangwani da hoton koren ganye, ya ce wannan "ba ya cutarwa", kuɗinsa kuma ya ɗara na sauran.

Tambarin kare muhalli na gaskiya akwai shi. Jamus ta fara nata, Blue Angel, a 1978, Tarayyar Turai ta biyo baya a 1992. Amma can wata hukuma ce daban ke gwada kayan kafin ta ba da tambarin. Hoton ganye kuwa, kowane maɗaba'i zai buga maka shi. A nan gida, abin dubawa shi ne tambarin hukumar kula da ingancin kaya ta SON, wato NIS ko MANCAP, da sunan kamfani da adireshinsa. In babu su, ajiye gwangwanin.

Babban abin tsoro a fenti shi ne dalma. An fi samunta a fenti mai mai, musamman rawaya da ja, irin wanda ake shafa wa ƙofofi da tagogi. Ba ta da wari. Sai fentin ya tsufa ya fara ɓarewa, yaro mai rarrafe ya kai ƙurar baki, ta taɓa masa ƙwaƙwalwa, kuma lahanin ba ya gyaruwa. Gubar dalmar ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake ta can daga haƙar zinariya ta fito. Don haka cikin ɗaki a fi son fenti mai ruwa. In za a kankare tsohon fenti, a jiƙa bangon tukuna, a fitar da yara.

Shi kuwa bulo, ba kasafai za ka ga tambari a jikinsa ba. Masu bugawa da dama kan tsuke siminti su cika yashi. Murza gefensa da yatsa, in ya zube, ka bar musu kayansu. Jan bulo ya fi tubalin ƙasa jure ruwa, sai dai sau da yawa da itace ake gasa shi, dajin Borno kuma ba shi da rara. Mai son sanyin ginin ƙasa ya ɗaga harsashi da dutse ko bulo mai ƙwari, ya wuce inda ruwan 2024 ya tsaya a bangonsa.