Na Uku a Aji, Rasit Ya Gagare Shi

Ɗan yayana yana aji biyar na firamare, kuma shi ya zo na uku a zangon da ya wuce. Wata Asabar a kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa, mahaifinsa ya miƙa masa rasit ya ce, "Karanta mana." Yaro ya ƙura wa takardar ido, ya yi tsit.

"Yaya, ko idonsa ne?" na tambaya. Aka duba a asibiti, ido garau. Muka zargi fashin makaranta, rajistar aji ta wanke shi. Na duba littattafansa: rubutu tsaf, maki ko'ina.

Da daddare na buɗe masa littafin Hausa, ya zubo shafi guda ba gargada. Amma na lura yatsansa yana layi na biyu, bakinsa ya kai na biyar. Na rufe hoton da ke shafin, na nuna kalma ɗaya a tsakiya. Shiru. Ashe hadda ce.

Sai na yi masa gwaji mai hawa huɗu: haruffa, kalmomi, gajeriyar sadara, labari. Haruffa ya sani. A haɗa su ne ya cije.

To, yaya aka yi ya zo na uku? Tambayoyin jarrabawa daga abin da aka kwafa a allo suke fitowa, matsayi kuwa da 'yan ajinsu ake gwada shi. Katin sakamako ya auna hadda da kwafi, bai taɓa auna karatu ba.

Ba shi kaɗai ba ne. A 2022 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin ɗari na 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta gajeren labari su fahimta. Maganin ma an gwada shi a Kano. A 2019 hukumar SUBEB da British Council suka fara shirin KaLMA a Wudil da Dawakin Tofa, bisa tsarin ƙungiyar Pratham ta Indiya: a gwada kowane yaro, a haɗa shi da waɗanda suke hawa ɗaya, a koya masa daga inda ya tsaya.

Haka muka yi a gida, rabin awa bayan magariba. A masana'antun Challawa ba a tura fata kasuwa sai an duba ta. Me zai sa a tura yaro aji na gaba ba a ji karatunsa ba?

Bayan wata huɗu ya ɗauki rasit, yana haɗawa a hankali: "Ka-ta-ko, guda ashirin." Yaya ya ajiye awonsa, ya ce, "Sake karantawa."