Tsayar da Aikin Kwamfuta Daga Nesa: A Fara da Lallami

Tsakanin Yamai da Birnin Ƙonni akwai tafiyar kilomita sama da 400. A ce manhaja ta maƙale a kwamfutar wani ofishi da ke bakin iyaka, motocin albasar Galmi da na sumuntin Malbaza sun yi jerin gwano suna jiran takarda, mai gyara kuwa yana can Yamai. Ba sai ya hau mota ba. Kowane aiki da ke gudana a cikin kwamfuta yana da lambarsa, kamar yadda kowace mota ke da tata. Mai gyaran zai shiga ta intanet, ta ƙofar SSH da Tatu Ylönen ya ƙirƙiro a ƙasar Finlan a 1995, ya tura rubutaccen jerin umarni: a nemo aikin da ya maƙale, a karanta lambarsa, a tsayar da shi, a sake tayar da shi.

Sai dai tsayarwa iri biyu ce. A Linux, umarnin kill yana aika sigina ta 15, wato roƙon manhaja ta adana abin da ke hannunta, ta rufe da kanta. Sigina ta 9 kuwa sara ne, nan take aikin ke mutuwa ko da rabin rasit aka rubuta. A Windows, taskkill ma yana da lallami, yana da tilas. Wanda ke nesa ba ya ganin magatakardan da ke tsakiyar shigar da kuɗin wani, don haka wajibi ne umarninsa ya fara da 15, ya jira, ya duba, sannan ya koma ga 9 in ta ƙiya.

Masu shakka za su ce ƙofar da mai gyara ya bi, ɓarawo ma zai iya bi. Gaskiyarsu: a Disamba 2015 masu kutse sun kashe wa dubban gidaje wuta a Yukiren daga nesa. Amma toshe ƙofar zai bar direbobi su kwana a bakin iyaka suna jiran mai gyara. Abin yi shi ne mabuɗin SSH ya zauna a hannun mutane ƙalilan sanannu, kowane umarni kuma a rubuta wanda ya aiko shi da lokacin da ya aiko, domin in rasit ya ɓace a san wanda za a tambaya.