Gyaran allurar garmaho kafin a juye tsofaffin faya-fayen Tasawa da Mayahi

A Tasawa da Mayahi, kamar sauran garuruwan jihar Maraɗi, ba a rasa gidajen tsofaffin ma'aikata da na 'yan kasuwa masu zirga-zirgar Katsina da Kano inda faya-fayen garmaho ke kwance cikin adaka. Kaset ya ture su, waya kuma ta zo ta ture kaset. Amma abin da ke cikinsu bai tsufa ba. Muryar Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ta shiga faifai tun yana da ƙarfinsa. A shekarun 1960 Tolia Nikiprowetzky ya ɗauki kiɗan makaɗan Nijar, kamfanin Ocora na Faransa ya buga shi, David Ames kuma ya ɗauki kiɗan Hausa a arewacin Najeriya. Wani faifan da ke adakar kakanka mai yiwuwa shi kaɗai ya rage a duk gundumar. Saboda haka mai niyyar juye shi zuwa kwamfuta ya fara gyara na'urarsa, domin allurar da ba a daidaita ba tana cin faifai ne tun tana karanta shi.

Waƙar tana cikin wani siririn kwari da ya nannaɗe daga bakin faifai zuwa cibiya, kuma kwarin na da bango biyu. A faifan sitiriyo, wanda ya shigo kasuwa a 1958, bangon ciki na ɗauke da sautin lasifikar hagu, na waje kuma na dama. Hannun da ke riƙe da allura a kafe yake a gefe guda, kansa kuma a ɗan karkace. Idan faifai na juyawa, gogayyar allura da kwari kan ja hannun zuwa cibiya, kamar garmar shanu da ke rinjaya gefe ɗaya in mai riƙo ya sassauta. Sai allura ta danne bangon ciki, ta riƙa sakin na waje. Nan take kunne zai ji lasifikar dama tana ƙarƙara wurin da mawaƙi ya ɗaga murya ko kalangu ya yi kaifi. Ɓarnar da ba a ji sai daga baya ita ce ta fi: bango ɗaya na sirancewa, bakin allura kuma na cinyewa ta gefe guda.

Maganin da maƙera suka sa shi ne ɗan ƙarfi mai jan hannun zuwa waje. A wasu na'urorin ƙaramin nauyi ne rataye da zare, a wasu maganaɗisu, a wasu kuma, irin su Technics SL-1200, maɓalli ne mai lambobi a gindin hannun, an rubuta anti-skating kusa da shi.

Aikin na da tsari. Da farko a shimfiɗa na'urar daidai wa daida. Teburin da ƙafarsa ɗaya ta nutse cikin rairayin ɗaki ya isa ya rushe duk lissafi, don haka a ari ma'aunin ruwa na magina a duba. Sannan a mai da maɓallin kan sifiri, a murɗa nauyin da ke bayan hannun har ya tsaya yana lilo, bai tashi ba bai faɗi ba. Daga nan a ba allura nauyin da maƙerinta ya ƙayyade, galibi tsakanin giram 1.5 da 2.5. A ƙarshe a kai maɓallin kan lambar da ta yi daidai da nauyin: giram 2, lamba 2. Wannan mafari ne, kunne ke yanke hukunci. A sa wuri mai ƙarfi a waƙa a saurara. In dama ke ƙarƙara, a ɗan ƙara. In hagu ce, an zarce, a rage. Kada kuma a rage nauyin allura da sunan tausaya wa faifai, domin allurar da ke tsalle cikin kwari ta fi mai ɗan nauyi ɓarna.

Faya-fayen ma ba iri ɗaya ba ne. Tsoho mai juyi 78 a minti, mai nauyi da saurin fashewa, kwarinsa ya fi faɗi, yana bukatar allura mai kauri. Mai juyi 33 da sulusi, da kamfanin Columbia ya fitar a 1948, da mai 45 na RCA a 1949, na roba ne masu siririn kwari. Ɗora su a garmahon wani mai allurar ƙarfe, sau ɗaya ma, na iya kashe su.

Yanayinmu ma na da tasa ɓarnar. Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, in ta zauna a kwari allura na niƙa ta cikin roba, don haka a share faifai da buroshi mai taushi kafin kowane juyi. Zafin bazara, da kan haura digiri 40, na lanƙwasa faifan da aka jingine a karkace ƙarƙashin rufin kwano. A jera su tsaye a ɗakin ƙasa mai sanyi.

Cibiyar CELHTO da ke Yamai tun 1968 take adana maganar baka ta Afirka, amma hannunta ba zai kai kowace adaka ba. Gidajen rediyon karkara na Tasawa da Mayahi su suka fi kusa da mutane. Na'ura ɗaya mai lafiya da ma'aikaci ɗaya da ya iya daidaita allura sun isa a yi shela, iyalai su kawo abin da suka gada, a juye sau ɗaya da kyau, a rubuta sunan makaɗi da garinsu tun dattawan da suka san su na raye, a mayar wa mai kaya kayansa lafiya.