Shanyewar ɓarin jiki: Me ya sa sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa kafin a yi allura?

Mu ɗauka safiyar Asabar ce a Dodoru. Baba na cikin shan koko sai bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki, magana ta sarƙe. Da yawanmu za mu ce iska ce ta buge shi, a nemo tofi, a jira a gani. Wannan jiran kuwa shi ke jawo asara.

Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce. Ko dai gudan jini ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa, ko kuma jijiya ta fashe jini ya malala. A ido alamunsu kusan ɗaya ne, amma maganinsu ya sha bamban. Akwai allurar alteplase mai narkar da gudan jini, wadda Amurka ta amince da ita a 1996. Idan toshewa ce, tana iya buɗe jijiyar. Idan fashewa ce, ƙara zubar jinin za ta yi, har ta kai ga rasa rai.

Shi ya sa likita ba ya yin allurar sai na'urar CT ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Sabon jinin da ya zuba fari yake fitowa a hoton. Sai kuma lokaci: wani bincike da aka yi a Turai a 2008 ya nuna allurar na amfani har zuwa awa 4 da rabi daga fara ciwon. A 2018 wani binciken ya nuna hoton MRI na iya tantance wanda zai amfana cikin waɗanda suka farka barci da ciwon.

Ba kowane asibiti ke da na'urar ba, allurar kuma da tsada. Duk da haka hoton ne ke nuna wa likita ko a ba da asfirin ko a hana.

To, mene ne namu mu ɗalibai? Mu duba agogo, mu rubuta lokacin da abin ya fara. Kada mu ba shi asfirin, abinci ko ruwa, domin zai iya shaƙewa. Mu kwantar da shi ta gefe, mu nemo mota. A asibitin Gwandu, Kalgo ko Birnin Kebbi, mu tambayi inda za a samu hoton nan take, ko da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ne a Sakkwato. Addu'a kuwa sai mu yi ta a cikin mota.

Tun kafin a kai ga haka, mu raka iyayenmu awon hawan jini, domin shi ne babban sanadin wannan ciwo.