Shanyewar ɓarin jiki: wane gashi ne aka gwada aka ga amfaninsa?

 A shirinmu na lafiya na wannan mako mun ɗauko tambayar wani makiyayi da ya bugo mana waya daga ruga. Ɓarin jikin mahaifinsa na dama ya shanye wata biyu ke nan. Da aka sallame su daga asibiti, an ce su riƙa kai shi wajen masu gashi, waɗanda a Nijar ake ce wa kine, a Najeriya kuma masu gashin ƙashi. Hanya da nisa, har ya sayar da tumaki biyu. Sai ya ce mana: gashin nan yana da amfani kuwa, ko asarar dabba ce kawai?

To, malam, ba kai kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 2.4, kusan ɗaya cikin uku na mutanen duniya, suna da larurar da irin wannan farfaɗo da jiki zai amfana.

Bari mu fara da yadda ake gane magani ya yi aiki. Mai shanyewar jiki yakan samu ɗan sauƙi da kansa, musamman a wata uku na farko, domin kumburin ƙwaƙwalwa yana sacewa, sassan da suka tsira kuma suna koyon aikin waɗanda suka lalace. Kun ga ke nan duk abin da aka ba shi a lokacin, saiwa ce, ƙaho ne ko allura, shi za a yaba wa. Makiyayi zai gane wannan da sauri. In kana son sanin ko sabuwar dusa tana sa ƙiba, sai ka raba garke biyu da ƙuri'a, kiwo ɗaya, rijiya ɗaya, rabi ka ba su, rabi ka hana, sannan ka kwatanta. In kuwa da hannunka ka zaɓi kosassu ka ba, ai kanka ka yaudara. Haka masu bincike suke yi da marasa lafiya, bayan sun nemi yardarsu.

Ga abin da irin wannan gwaji ya nuna.

Na farko, waɗanda aka kwantar a sashe na musamman na masu shanyewar jiki, inda likita da nas da mai gashi suke aiki tare, sun fi tsira da rai, sun fi komawa gida suna yi wa kansu hidima bayan shekara guda.

Na biyu, gaggawa tana da iyaka. A 2015 aka fitar da sakamakon wani bincike da masanan Ostareliya suka jagoranta a kan mutum 2,104 a ƙasashe biyar. Waɗanda aka matsa wa tashi da tafiya sau da yawa tun cikin awa 24 na farko, kashi 46 cikin ɗari ne suka samu sauƙi mai kyau bayan wata uku, alhali waɗanda aka bi da su a hankali kashi 50 ne. Ranar farko dai sai yadda likita ya ce.

Na uku, hannun da ake sa wa aiki shi yake dawowa. A Amurka, a wani binciken da aka fitar a 2006, an gwada mutum 222 da suka yi wata uku zuwa tara da ciwon. Aka sa wa wasunsu safa mai kauri a hannu mai lafiya, aka tilasta wa mai raunin ɗaukar cokali, kofi da makamantansu, har awa shida a rana, mako biyu. Bayan shekara guda hannunsu ya fi na sauran aiki. Amma a lura, duk waɗanda aka gwada ɗin suna iya ɗan motsa yatsu da wuyan hannu tun farko.

Na huɗu, wannan zai yi wa aljihu daɗi. A wani binciken da aka fitar a 2011, nan ma a Amurka, an kwatanta mutum 408: wasu a kan injin koyon tafiya mai tsada, wasu kuma mai gashi yana zuwa gida yana sa su tashi, zama, tsayuwa da ƙarfafa ƙafa. Bayan shekara, kusan rabin kowane rukuni tafiyarsu ta gyaru, injin bai fi ba.

Sai dai kar a ce to mu yi abinmu a gida kawai. A Indiya, a wani binciken da aka fitar a 2017, an koya wa dangin marasa lafiya gashin na ɗan lokaci aka bar musu, cikin mutum 1,250. Bayan wata shida, babu bambanci tsakaninsu da waɗanda ba a koya wa ba. Hannun dangi yana buƙatar idon gwani a kai a kai.

Don haka amsarmu gare ka, malam: gashin yana da hujja, tumakinka ba su tafi a banza ba. In zuwa kullum ya gagara, ku daidaita da mai gashin a kan ranakun da za ku iya, ko da ranar kasuwa ce da mota take samuwa. Kowane zuwa ya nuna muku aikin da za a maimaita a gida, ya kuma duba na baya. Kar a ja Baba ta hannun da ya shanye, kafaɗar tana iya gocewa. Kar a gasa shi da ruwa mai zafi ko garwashi, don ɓarin yana iya ƙonewa bai ji ba. In yana kwance, a riƙa juya shi bayan kamar awa biyu saboda gyambo. In yana ƙwarewa wajen ci ko sha, a koma asibiti. Maganin hawan jini kuwa kar a daina don an ga sauƙi, domin hawan jini ne babban mai jawo ciwon, shi ne kuma mai maido shi.

Ku kuma ƴan kasuwa, in an tare ku a tasha da kwalba ko na'urar da aka ce tana tayar da shanyayye cikin kwana bakwai, ku tambaya: mutum nawa aka gwada, da su wa aka kwatanta su, kuma bayan wata nawa aka sake duba su?

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba.