Ɗan Bautar Ƙasa a Kura da Bunkure: Wa Ke Koya Masa Zaman Gari?

Rukuni bayan rukuni, motoci na kwaso matasa daga sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke Kusalla a Ƙaraye, bayan makonni uku na fareti da laccoci. Wanda takardarsa ta ce birnin Kano sai ya yi hamdala. Wasu kuwa tasu za ta ce Kura, ko Bunkure, ko Garun Malam. A sauke yarinya 'yar Uyo ko saurayi ɗan Ijebu a bakin titin Zariya da jakarsa, ko gaisuwar Hausa bai iya ba, kuma cikin 'yan kwanaki ana so ya tsaya gaban aji ya koyar da lissafi. An koya masa tafiyar soja da taken hukuma. Yadda zai kwana ya tashi a garin da aka tura shi, wannan kusan shi aka bar wa.

Janar Yakubu Gowon ne ya kafa shirin da doka mai lamba 24 a ranar 22 ga Mayu, 1973, shekara uku bayan yaƙin basasa, domin ɗan Kudu ya san Arewa, ɗan Arewa ya san Kudu. Niyya ce mai kyau. Sai dai sanin juna ba ya samuwa don kawai an ajiye mutum a wani gari. Zai iya cinye shekararsa a ɗaki da wayarsa, ya fita bai san kowa ba sai mai shago.

Yankin nan yana da halinsa na daban. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke gangarowa ta babbar magudana zuwa gonakin da aka tsara za su kai hekta 22,000 a kashin farko na aikin, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are. Shinkafa, alkama, tumatir, albasa, masara: ƙasar ba ta hutawa, mutanenta ma haka. Baƙon malami yakan yi mamakin ganin aji ya rage a lokacin dashe ko tsinkar tumatir, ya ɗauka raini ne ko lalaci. Da wani ya kai shi kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ya ga kwandunan da ake lodawa zuwa Legas, da ya gane inda ɗalibansa suka tafi da abin da ya kai su.

Ruwan kuma yana da haɗarin da ido ba ya gani. A zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40, wanda ya taso a gefen rafi a Kudu ba abin da zai ja shi kamar ruwan magudana, ga yara suna ta iyo a ciki. Amma a irin wannan ruwa mai tafiya a hankali ne ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsutsar tsargiya ke hayayyafa. Tsutsar ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba, sai bayan makonni ko watanni mutum ya ga jini a fitsari. Akwai magani, praziquantel, amma gargaɗin minti ɗaya ya fi shi sauƙi. Sauro ma a nan ba ya tafiya hutun rani, domin ruwa na kwance a gonakin shinkafa. Ga hunturun Disamba da Janairu mai tsaga leɓe, wanda ɗan Fatakwal bai zo masa da bargo ba.

Duk da haka, abin da ya fi gajiyar da baƙo ba zafi ba ne ko sauro. Wani masanin al'adu, Kalervo Oberg, ya yi bayaninsa a wata lacca a birnin Rio de Janeiro a 1954, aka buga ta a 1960 a wata mujalla da 'yan mishan ke karantawa. A ganinsa mutum yana rayuwa ne da ɗaruruwan ƙananan alamu da bai ma san yana dogara da su ba: yaushe ake miƙa hannu, yaushe wasa ake yi, yaushe "to" take nufin a'a. Ranar da ya sauka inda alamun suka canza, sai hankalinsa ya kasa kwanciya. Da farko komai na burge shi. Daga nan sai ƙunci da fushi, yawan tsoron abinci da ruwan sha, zargin kowa na son cutarsa, da ƙin koyon harshen gari. In ya daure ya fara kama harshe, sai ya soma dariyar kurakuransa, har ya saba. Manomin yankin nan ya san wannan a gonarsa: irin tumatir in an cire shi daga reno an dasa, dole ya yi yaushi na kwanaki, kuma a kwanakin nan ne ya fi buƙatar ruwa.

Mataki na biyun nan shi ne mai hatsari. A Oktoban 1961 wata 'yar sa-kai ta Peace Corps daga Amurka, Margery Michelmore, ta rubuta kati tana kwatanta talauci da ƙazantar da ta ce ta gani a Ibadan. Katin ya faɗa hannun ɗalibai, aka yi zanga-zanga, ta bar ƙasar. Yau kati ba ya buƙatar ya faɗi a hanya. Facebook na cikin aljihu.

Akwai wata ƙungiyar addini da ta mai da tura matasa ƙasashen waje aikinta na kullum, wato cocin da aka fi sani da Mormon, mai hedkwata a Salt Lake City ta jihar Utah a Amurka. Ba aƙidarsu ce ta kawo su cikin wannan rubutu ba, tsarinsu ne. A kowane lokaci suna da 'yan mishan sama da 60,000 a duniya, akasarinsu samari da 'yan mata da ba su daɗe da gama sakandare ba. Namiji yana yin shekara biyu, mace wata 18. 'Yan mishansu na farko sun iso Najeriya a Nuwamban 1978, suka yi wa wani malamin makaranta, Anthony Obinna, baftisma a ƙasar Ibo, kuma a 2005 suka buɗe babban haikalinsu a Aba. Ƙarfinsu a ƙasar nan a Kudu yake.

Kafin su tura yaro inda ba ya jin harshe, sai sun zaunar da shi makonni shida zuwa tara a cibiyar horo, kamar ta Provo a Utah, yana koyon harshen safe da yamma. Suna da irin wannan cibiya a Accra don yankinmu. In ya isa, ba a barinsa shi kaɗai ko na yini guda. Ana haɗa shi da wanda ya riga shi zuwa, su kwana gida ɗaya, su fita tare, ya nuna masa kasuwa da mota da gaisuwa, na tsawon makonni 12 na farko. Lokacin tashi da na kwanciya a ƙayyade suke, bisa al'ada 6:30 na safe da 10:30 na dare, da rana guda a mako ta wanki da cefane. An hana su iyo gaba ɗaya. Har ɗan littafi aka wallafa musu kan yadda za su gane alamun damuwa a jikinsu da abin da za su yi. Shekaru da yawa sau biyu kacal a shekara ake barin su buga waya gida, sai a Fabrairun 2019 aka sassauta zuwa kowane mako.

Tsarin yana da tsauri, kuma ban ga dalilin da za mu kwafe shi duka ba. Hana matashi kaɗaicewa ko na sa'a ɗaya takura ce, kuma duk da wannan shiri akwai waɗanda ke komawa gida kafin wa'adi saboda rashin lafiya ko damuwa. Amma sun gane abu guda: sabo da baƙon wuri darasi ne da ake koyarwa, kuma harshe da abokin zama su ne ginshiƙansa.

Abin da ke ɓata min rai shi ne mu Hausawa mun riga su sanin wannan. Fataken goro da suka riƙa zuwa Gwanja ba sa sauka a titi. Zango suke nufa, wurin mai masauki. A unguwar Sabo ta Ibadan, da aka kafa a 1916, masanin nan Abner Cohen ya rubuta yadda maigida ke saukar da baƙon ɗan kasuwa, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa a ciniki. Har gobe ɗanmu da aka tura bautar ƙasa Bayelsa ko Ebonyi, abin da iyayensa ke fara cewa shi ne ya nemi Sarkin Hausawan garin. Mun san daɗin a karɓe mu. Ɗan wani kuwa in ya zo mana, sau da yawa sai mu tsaya kallo.

Kuma ƙananan abubuwa ne ke ɓata tsakani. Bai san ba a kutsa kai gida, a zaure ake tsayawa a yi sallama ba. Ya miƙa wa matar aure hannu, ko ya karɓi abu da hagu. Ya wuce dattawa a majalisa ya ɗaga musu hannu kurum, maimakon ya rage tsawo ya ce, "Baba, ina wuni?" Sai a ce ba shi da tarbiyya, alhali a garinsu shi mai ladabi ne. 'Yar bautar ƙasa ta shiga kasuwa da wandon kakin da hukuma ta ba ta, ido ya yi mata yawa, daga ranar ta daina fita. Azumi ya kama, masu abinci sun tashi da rana, ba wanda ya sanar da shi. Tuwon shinkafa da miyar kuka ma sai da mai cewa "bismilla" suke shiga. Ga tsoron da ya taho da shi daga gida, domin iyayen Kudu ba su manta da 'yan bautar ƙasar da aka kashe a Bauchi bayan zaɓen 2011 ba.

Gidajen da ƙungiyoyin 'yan bautar ƙasa na Musulmi da na Kirista ke riƙe da su suna taimakawa ƙwarai, amma baƙo ne ke jan baƙo a can. An ƙara alawus daga ₦33,000 zuwa ₦77,000, an kuma fara biya a 2025. Ya rage yunwa, bai koya wa kowa gaisuwa ba. Sakamakon a fili yake. Wanda bai saba ba zai nemi a sauya masa wuri, ko ya tare a birni ya riƙa leƙowa ranar tantancewar wata. Asarar kuma a kan yaran makarantun ƙauye take sauka, waɗanda tun farko malaman kimiyya da Turanci ba su ishe su ba.

Gyaran ba ya jiran Abuja. Shugaban makaranta zai iya haɗa kowane sabon zuwa da malami ɗan gari, namiji da namiji, mace da mace, na watanni ukun farko. Malamin Hausa ya ba shi sa'a biyu a mako, a fara da gaisuwa da ciniki da kalmomin aji. Ma'aikacin lafiya ya gaya masa maganar tsargiya da gidan sauro tun a makon farko. A kuma tabbatar an ba shi masaukin da ƙa'idar hukuma ta ɗora wa mai karɓarsa.

Ranku ya daɗe hakiman Kura da Bunkure, da dagatai da masu unguwanni: in rukuni na gaba ya sauka, ku sa a kawo muku su gaisuwa, ku tambayi sunan kowa da garinsu, ku damƙa kowane ɗaya a hannun wani magidanci da zai amsa sunan mai masaukinsa har ya gama shekararsa.